Tsohon Soja Da Tsohuwar Dabbarsa: Wa Ke Yanke Ranar Rabuwa?

Jama'a da yawa sun ɗauka cewa mutumin da ya yi aikin soja, ya shiga fagen fama ya ga gawa birjik, zuciyarsa ta riga ta bushe, saboda haka in dokinsa ko karensa ya tsufa har ya kasa tashi, ba wani dogon tunani zai tsaya yi ba, harsashi ɗaya ya wadatar. Wannan zato yana da ƙamshin gaskiya, amma bai kai ko rabinta ba. Tarihin yaƙe-yaƙen ƙarnin da ya shige cike yake da labarin manyan hafsoshi da ƙananan sojoji waɗanda suka tsaya a kan tsohuwar dabba suna auna ko a bar ta ko a hutar da ita. Wanda ya bi labaran nan a hankali zai tarar cewa darasi biyu aikin soja ke koya wa mutum game da wannan al'amari, darussan nan kuwa ba sa ga maciji da juna.

Duk wanda ya taɓa kallon faretin sojan doki masu tsaron gidan sarautar Ingila a birnin Landan zai lura da waɗansu mahaya can a ƙarshen jeri, kowannensu riƙe da gatari mai ƙyalli. Su ne maƙeran rundunar, watau masu sa wa dawaki takalmin ƙarfe da duba lafiyar ƙafafunsu. Yanzu gatarin ado ne kurum, amma a zamanin da kayan aiki ne, kuma baki biyu gare shi. Ɗaya tsini ne, da shi ake ƙarasa dokin da ya yi mummunan rauni don kada ya daɗe yana shure-shure. Ɗayan kuwa kaifi ne, da shi ake sare kofaton mushen, gama kowane dokin soja yana da lamba a kofato, kuma sai an nuna kofaton kafin a soke dokin daga littafin runduna, gudun kada wani ya sayar da dukiyar gwamnati ya ce ta mutu. Ga tausayi a gefe guda, ga lissafi a gefe guda, ƙota ɗaya ke riƙe da su.

Sojan da ya yi zama da dabba a bakin daga ya san bakin gatarin nan duka biyu, ko da bai taɓa riƙe shi ba. A Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, an ƙiyasta cewa dawaki da alfadarai da jakuna wajen miliyan 8 suka halaka a dukkan ɓangarori, kuma da yawa daga cikinsu ba harsashi ya kashe su ba, cuta ce da yunwa da sanyi da wahalar jan igwa cikin taɓo. Likitocin dabbobi na sojan Ingila sun karɓi dabbobi wajen miliyan 2 da rabi a asibitocinsu na Faransa, suka mayar da kimanin miliyan 2 bakin aiki. Ke nan ba a gaggawar kisa, domin doki dukiya ne. Amma akwai raunin da ba a ɓata lokaci a kansa. Dokin da ƙashin ƙafarsa ya karye ba ya iya kwanciya wata da watanni kamar mutum har ƙashin ya haɗe, nauyin jikinsa kuma ya fi ƙarfin ƙafa uku, in aka bar shi sai sauran kofatan su kama ciwo, ya mutu sannu a hankali cikin azaba. Saboda haka aka koya wa masu kula da dawaki daidai wurin da ake ɗora bakin bindiga a goshi, don aikin ya ƙare cikin ƙiftawar ido.

Irin wannan horo bai tsaya a Turai ba. A 1944, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, bataliya uku ta sojan Nijeriya, watau ta 6 da ta 7 da ta 12, sun yi aiki a rundunar Janar Wingate da ake kira Chindit, wadda ke kutsawa bayan sahun Japanawa a kurmin Bama, ƙasar da yanzu ake kira Miyanma. Alfadarai ne motocin wannan runduna, su ke ɗaukar na'urar waya da harsashi da magani, har fiɗa aka yi musu a maƙogwaro don kada kukansu ya tona asirin ayari. A irin wannan tafiya babu asibiti, babu jira. Alfadarin da ya kasa, harbe shi ake yi, a raba kayansa, a ci gaba.

To, mutumin da ya fito daga wannan makaranta yakan fito da imani cewa barin abokin tafiya cikin azaba, don kawai kai ba za ka iya ƙarasa shi ba, ragwanci ne da cin amana. Yakan kuma fito da sabon kallon dabba a matsayin kaya mai lamba, wanda ake auna amfaninsa da abin da yake ci. A bakin daga ba ya samun sukunin tambayar kansa wanne daga cikin biyun ke tura shi. Sai bayan an ajiye kaki, dabbar ta tsufa a gida ba wuta ba hayaƙi, sa'an nan tambayar ke zuwa ta zauna masa.

DOKIN DA JAMUS SUKA KASA KASHEWA

Ba labarin da ya fito da wannan a fili kamar na Janar Jack Seely da dokinsa. Shi Seely babban mutum ne a Ingila, abokin Winston Churchill, ya kuma riƙe muƙamin Ministan Yaƙi daga 1912 zuwa 1914. A 1908 goɗiyarsa ta haifi duƙushi a tsibirin Wight da ke kudancin Ingila, aka raɗa masa suna Warrior, watau Mayaƙi. Da yaƙi ya ɓarke a watan Agusta na 1914, tare suka ƙetara zuwa Faransa, a 1915 kuma aka ba Seely shugabancin rundunar sojan doki ta Kanada.

Shekara huɗu dokin nan ya yi a bakin daga. Ya halarci gumurzun Somme a 1916 da na Passchendaele a 1917, ya taɓa nutsewa cikin taɓo, gini ya taɓa ruftawa a kansa, wuta ta taɓa kama bargar da yake ciki, amma kowane karo sai a fito da shi da ransa, har sojoji suka yi masa laƙabi da dokin da Jamus suka kasa kashewa. Ran 30 ga watan Maris, 1918, lokacin da sojan Jamus suka doshi birnin Amiens, Seely ya tura mahayansa suka far musu a dajin Moreuil, shi da Warrior suna cikin na gaba. An yi asarar mutane da dawaki masu yawa ran nan, amma su biyun suka tsira. A ƙarshen shekarar dokin ya koma tsibirin da aka haife shi, kuma ran 30 ga Maris, 1922, shekara huɗu cif bayan waccan arangama, ya ci tseren dawaki a can. Seely ya rubuta littafi guda a kansa a 1934. A 1938 ya ɗaura masa sirdi ya hau, shi yana da shekara 70, dokin yana da 30, watau in an haɗa ɗari daidai.

Wannan ba zaman mai kaya da kayansa ba ne. Seely ya rasa ɗansa Frank a yaƙin Arras a 1917, shi kansa ya shaƙi iska mai guba a 1918, mutanen da ya sani da yawa sun kwanta dama a Faransa. Dokin nan yana cikin 'yan ƙalilan da suka rage waɗanda suka ga abin da ya gani.

Sai ga wani yaƙin ya sake ɓarkewa a 1939. Jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suka shiga nutsar da jiragen da ke kawo wa Ingila hatsi, aka fara raba wa mutane abinci da kati a watan Janairu na 1940, a farkon 1941 kuma rabon ya kai kan abincin dabbobi. Doki kan yi shekara 25 zuwa 30 a duniya, Warrior kuwa a lokacin yana dab da cika 33. A watan Afrilu na 1941 aka kira likitan dabbobi ya hutar da shi. Jikan Seely, Brough Scott, wanda sanannen ɗan jarida ne a fagen tseren dawaki, ya bayyana cewa kakansa ya ga bai dace ba a ci gaba da kashe ƙarin hatsi a kan tsohon doki alhali ƙasa tana cikin yaƙi. Jaridar Times ta Landan ta buga labarin mutuwarsa, a 2014 kuma aka ba shi lambar girma ta Dickin, wadda ake ba dabbobin da suka yi bajinta a yaƙi, a madadin dukkan dabbobin yaƙin farko.

Mai karatu na iya cewa ai ga magana ta fito, lissafi ne ya kashe Warrior. Amma a duba da kyau. A makon farko na yaƙin nan, a watan Satumba na 1939, tun ba a jefa ko bom ɗaya a Landan ba, tsoro ya sa farar hula suka yi layi a ƙofar likitocin dabbobi, aka kashe karnuka da kyanwoyi da aka ƙiyasta sun kai 400,000, galibinsu lafiyarsu ƙalau. Tsohon janar kuwa, wanda ya san yaƙi ciki da waje, bai firgita ba, ya riƙe dokinsa har wata 19 bayan haka. Bugu da ƙari, dokin da ya haura 30 haƙoransa sun riga sun side, ciyawa kaɗai ba ta riƙe shi, sai da abinci mai laushi na musamman, in an janye masa shi kuwa ramewa zai yi ta yi har ya faɗi. Seely shi ne wakilin Sarkin Ingila a lardinsa, da wuya ya hori talakawa su ɗaure ciki shi kuma yana ɗura wa doki hatsi. Zaɓin da ya rage masa ke nan: ko ya karya ƙa'idar da yake kira a bi, ko ya zuba ido amininsa ya ƙanjame, ko ya sa rana. Ya sa rana. Ana iya ƙin yarda da hukuncinsa, gama mai arziki irinsa bai rasa dabarar da zai yi ba in ya so, amma ba za a ce ya yi shi da wasa ba.

BAYAN AN CI MORIYAR GANGA

Inda lissafi ya yi aiki tsagwaronsa shi ne a hannun hukuma. Ƙasar Ostireliya ta aika da dawaki 136,000 zuwa yaƙin farko. Da aka gama, sai gwamnati ta ce ba za a komo da su ba, saboda tsadar jirgi da tsoron shigo da cututtukan dabbobi. A Masar da Falasɗinu aka tara dawakin, likitoci suka kasa su gwargwadon shekaru da lafiya. Masu sauran ƙarfi aka miƙa wa sojan Ingila da na Indiya, tsofaffi da marasa lafiya kuwa aka aske musu geza da wutsiya, aka cire musu takalmi, aka harbe su, aka feɗe fatun, domin duk kuɗi ne. Har yanzu labari na yawo a can cewa mahaya sun riƙa jan dawakinsu bayan tudu a ɓoye suna harbewa da hannunsu, don kada su faɗa hannun wanda zai wulaƙanta su. Masu binciken tarihi da suka tona takardun runduna sun tarar cewa aikin a hukumance aka yi shi, ƙarƙashin hafsoshin likitocin dabbobi. Amma yadda labarin ya ƙi mutuwa ya nuna abin da sojojin suka so a ce sun yi.

Doki ɗaya tak ya koma gida, sunansa Sandy, na Manjo-Janar William Bridges wanda ya rasu sakamakon harbin da aka yi masa a Gallipoli a watan Mayu na 1915. Ya isa Melbourne a ƙarshen 1918, aka sake shi yana kiwo a filin dawakin soja na Maribyrnong, gwamnati tana ciyar da shi shekara huɗu da rabi ba ya aikin komai. Sai da makanta da rashin ƙarfi suka ci ƙarfinsa aka hutar da shi a watan Mayu na 1923. Hukuma ɗaya ce, kuma aiki iri ɗaya aka yi wa Sandy da na Masar, amma dalili ya sha bamban.

Waɗanda ba a kashe ba fa? Sojan Ingila sun sayar da dawaki wajen 20,000 a Masar bayan yaƙin. A 1930 wata mata mai suna Dorothy Brooke ta sauka Alƙahira tare da mijinta, hafsan da aka ba shugabancin sojan dokin Ingila a can. Tana zaga gari sai ta riƙa ganin waɗansu dogayen dawaki, ƙashi da rai, suna jan amalanke da keken haya, waɗansu suna ɗaukar dutse, ga tambarin sojan Ingila a cinyarsu. Galibinsu sun haura shekara 20, waɗansu sun makance, waɗansu suna ɗingishi. Masu su talakawa ne da ba su da ikon ciyar da ƙaton dokin Turai, ba su kuma da ikon rabuwa da shi, don shi ne abincin iyali. A 1931 ta aika da wasiƙa ga jaridar Morning Post tana neman taimako, jama'a suka aiko da kuɗi, cikin shekara uku ta sayi dawaki 5,000 daga hannun masu su.

Abin da ta yi da su shi ne abin lura. Mafi yawansu sun wuce magani, saboda haka sai a shimfiɗa musu ciyawa, a ba su ruwa da abinci mai laushi su ci su ƙoshi, su huta na 'yan kwanaki, kana a kashe su. Kuɗi aka kashe aka sayi doki don kawai a ba shi mutuwa mai sauƙi, babu ribar ko anini a ciki. A 1934 ta kafa asibitin dabbobi na kyauta a Alƙahira, ƙungiyar da ta tsiro daga nan kuma har yau da sunanta ake kiranta. Darasin Alƙahira ya zauna a zukatan masu dawaki: ƙin kashe tsohuwar dabba ba kullum yake zama jinƙai ba, musamman in ma'anarsa ita ce a tura ta kasuwa don kada ido ya gani. Ko a nan Nijeriya, dawaki da yawa da suka gama hawan salla da kilisa a Arewa, in ƙarfi ya ƙare, a bayan babbar mota suke ƙarasa tafiyarsu zuwa kasuwanni irin ta Obollo-Afor a Jihar Enugu, mai doki kuwa ba ya wurin.

KAREN SOJA

Da motoci suka karɓe aikin doki, sai tambayar ta koma kan kare. Soja ba don wasa yake riƙe da kare ba. Hancinsa ke gano nakiyar da aka binne a hanya, kunnensa ke jin kwanton ɓauna tun mutum bai ji ba, don haka mai riƙe da igiyarsa yakan ɗauke shi a matsayin wanda yake bin sa bashin rai.

A Yaƙin Duniya na Biyu, iyalai a Amurka su suka ba gwamnati aron karnukansu. Kyaftin William Putney, likitan dabbobi ne a rundunar Marin, watau mayaƙan da jiragen ruwa ke saukewa a gaɓar abokan gaba, ya yi yaƙin tsibirin Guam a 1944 inda karnuka 25 suka mutu. Da aka gama yaƙi sai ya ji ana shirin kashe waɗanda suka rage, wai karen da aka koya wa cizo ba zai zauna da yara ba. Putney ya ƙi yarda, ya shirya horon warware musu tarbiyyar yaƙi sannu a hankali. Cikin karnuka sama da 500, guda 4 kaɗai aka kashe don sun gagara. Ashe sanin yaƙi yakan sa mutum ya hana kisa kamar yadda yakan sa ya zartar da shi.

A Biyetnam ba a sami mai tsayawa haka ba. Karnuka wajen 4,000 suka yi aiki da sojan Amurka a can, amma a takarda an lissafa su cikin kayan aiki, ga kuma tsoron cuta. Da aka zo janyewa, kimanin 200 kaɗai aka fitar daga ƙasar, sauran da suka rayu aka kashe waɗansu, aka bar wa sojan Biyetnam ta Kudu waɗansu. Sojojin da suka riƙe su sun koma gida da wannan ciwo a zuci, sun kuma yi shekaru suna kuka a kai. Har zuwa ƙarshen ƙarnin, karen sojan da ya tsufa allurar mutuwa ce ladan aikinsa. Sai a watan Nuwamba na 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ba da izni a miƙa irin waɗannan karnuka ga masu son riƙonsu. Da sunan wani kare Robby ake kiran dokar, wanda mai riƙe da shi ya nemi a ba shi aka hana. Shi Robby bai ci gajiyarta ba, ciwon gaɓoɓi ya riga ya ci shi, aka hutar da shi. A 2015 aka ƙara gyara dokar, aka ce sojan da ya yi aiki da kare shi ke da haƙƙin farko a kansa.

Da wannan gyara sai nauyi ya tashi daga kan hukuma ya sauka a kan mutum ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Mai karatu Musulmi zai so ya ji matsayin shari'a, kuma malamai ba su bar wurin nan fayau ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya yi umurni da kyautatawa ko a wajen kisa da yanka, a wasa wuƙa a sauƙaƙa wa dabba. Ciyar da dabba kuma wajibi ne a kan mai ita. Shaihu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, a cikin Muhtasar ɗinsa da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya halatta a yanka dabbar da ba a cin namanta, kamar jaki da alfadari, in an fid da rai da ita, don a hutar da ita. Malaman Shafi'iyya kuwa galibinsu sun hana, ko da niyyar hutarwa ce. Abin dubawa a maganar Malikiyya shi ne sharaɗin da aka gindaya, watau fid da rai ga rayuwar dabbar. Ba a ce in ta daina amfani ba, ba a kuma ce in abincinta ya yi tsada ba. Da wannan ma'auni Sandy da dawakin Dorothy Brooke sun shiga, karnukan Biyetnam masu lafiya ba su shiga ba, Warrior kuwa yana tsaye a kan iyaka.

A ƙasashen da wannan al'ada ta kafu, yanzu ba bindiga ba gatari. Likita kan fara yi wa dabbar allurar kwantar da jiki, sa'an nan ya zuba mata maganin barci mai ƙarfi fiye da kima ta jijiya, hankalinta ya gushe cikin daƙiƙoƙi, zuciya ta tsaya ba da jimawa ba. Kafin a kai nan likita kan tambayi mai dabba ko tana ci, ko tana iya tashi da kanta, ko kwanakin jin daɗinta sun fi na wahala yawa. Shawara yake bayarwa kurum, sa hannu na mai dabba ne.

A nan tarbiyyar bariki ke iya jan mutum ta kowane gefe. Wani, da yake ya ga yadda jinkiri ke ƙara wa mai rauni azaba, da zarar likita ya faɗi gaskiya sai ya tsai da rana, ya kuma tsaya a wurin da kansa, don an koya masa cewa ba a aika wani ya ɗauki nauyin da ke kanka. Wani kuwa rantsuwar da ya yi ce ke riƙe masa hannu, wadda ya yi alkawari a cikinta cewa ba zai bar abokin da ya faɗi a baya ba, sai ya ga sa hannu a takardar likita tamkar gudu ne daga fage. Balle in karen nan shi ke tashinsa daga mugun mafarki, shi kaɗai kuma ya rage cikin waɗanda suka san abin da ya faru. Irin wannan mutum yana iya ja da lokaci fiye da yadda dabbar za ta iya ɗauka, kuma wanda bai sha abin da ya sha ba bai kamata ya yi saurin zarginsa ba. Sabo ake yi wa kuka.

A watan Yuli na 2017 an ga yadda wani matashin tsohon soja ya warware tasa a garin Muskegon na Jihar Michigan a Amurka. Yana da shekara 19, mai igiya ɗaya a rundunar Marin, aka haɗa shi da wani baƙin kare mai shinshinar nakiya, sunansa Cena, suka tafi Afganistan. Ya shaida wa 'yan jarida cewa ya sha ɗaukar karen a kafaɗa su ƙetare kogi, ya sha rufe shi da jikinsa in wuta ta yi zafi, shi kuma karen ya ɗumama shi cikin sanyin dare, ya kuma zauna da shi sa'ad da ya rasa abokai bakwai cikin mako uku. A 2014, bayan karen ya gama aiki, sai ya karɓi riƙonsa. Cena na da shekara 10 likitoci suka gano sankarar ƙashi a jikinsa, wadda ba ta da magani.

Saurayin bai jira ciwo ya gama cin karen ba. Ya sa rana, ya sanar da jama'a. Ran nan ya sa kakinsa na fareti, aka sa wa karen rigar soja mai ado, ya ɗauke shi a buɗaɗɗiyar mota suka zaga gari da jerin motoci a bayansu. Ɗaruruwan mutane suka taru a bakin ruwa, 'yan mazan jiya suka ƙame suka sara masa. Daga nan aka shiga da shi cikin wani tsohon jirgin ruwan yaƙi, LST 393, wanda aka mayar gidan tarihi, likita ya yi masa allurar a can ciki, aka fito da shi cikin akwati lulluɓe da tutar ƙasa.